Garin da Ke Cikina

Shekara talatin ina dashen albasa
a fadamar Wurno, ni Sahabi ɗan Altine.
Na san ƙasa da ƙamshinta,
na san ranar da lambu ke fushi da mai shi,
amma ban san abin da nake ɗauke da shi ba a ciki.

Kai ya sara? Kafso.
Ƙafa ta yi tsami bayan ban-ruwa? Kafso.
Ja-da-yalo, daga tiren yaron nan
mai yawo ranar kasuwar Acida.
Ba takarda, ba tambaya,
in watsa a baki, in kora da ruwan rijiya,
wai ni gyara nake yi wa ciki.

Sai ga daminar bara,
gudawa ta kafa mini sansani.
Mako uku ina zarya tsakanin tabarma da makewayi,
buta ta fi kowa sanin sirrina.
Wando ya yi mini yawa, zobe ya zame daga yatsa,
tuwon da Tumba ta tuƙa ya zama abokin gaba.
Tsakar dare in ji ƙugi
kamar injin ban-ruwa ya sha iska, daga ciki.

Aka sa ni a mota sai Sakkwato.
Likitar, Kulu sunanta, 'yar ƙarama mai tabarau,
ta juye ledar magungunana a kan tebur,
ta ƙirga fankon kwalaye, ta yi shiru.
Ta ce, "Baba, kana feshi a lambu?"
Na ce ina yi.
"In magani ya wuce kima, ciyawa kaɗai ke mutuwa?"
Na tuna shekarar da na ƙone fadamata da garaje:
tana ta ɓace, kwaɗi suka yi ƙaura,
ƙasa ta ƙeƙashe kamar bayan tukunya,
ciyawar da ta fara dawowa kuwa ita ce mafi mugunta.
Ta ce, "To, haka ka yi wa ciki.

"Akwai gari a hanjinka, Baba.
Mazaunansa sun fi geron rumbunan ƙasar nan yawa,
ido ba ya ganinsu, ba sa biyan haya.
Wasu 'yan niƙa ne, suna ƙarasa abin da haƙori ya bari.
Wasu 'yan sintiri, sun cika kowace ƙofa,
baƙon sharri ya zo, ya rasa wurin shimfiɗa.
Akwai malamai, masu koya wa dakarun jininka
wane ne ɗan gida, wane ne ɓarawo.
Kai kuwa ka cinna musu wuta, ba su ji ba, ba su gani ba.
Kango ya rage, ɓata-gari suka tare a ciki."

Ta rubuta abin da ta rubuta, ta ce in sha bisa ƙa'ida,
ta haɗa ni da ruwan gishiri da sukari.
Sauran aikin, in ji ta, na tukunya ne.

Yanzu da hantsi Dudu ke sauke ƙwaryarta a ƙofarmu:
kindirmo mai tsami,
furar geron da bai rabu da dusarsa duka ba.
Tumba ta ƙara daddawa a miyar kuka,
ga wake, ga kwaɗon zogale, ga rama da ƙuli-ƙuli,
ga albasar hannuna,
wadda na daɗe ina loda wa motocin Kudu
ban san mutanen garina na marmarinta ba.

Ba rana ɗaya suka komo ba.
Wanda aka kora da wuta ba ya dawowa da gudu.
Sai da na yi dashe, sai da albasa ta yi kai.
Amma jiya na tashi da malmala biyu,
na kwana har asalatu,
ban nemi buta ba sai don alwala.

Yaron tire ya tare ni a Acida: "Baba, ja-da-yalo?"
Na dafa tumbina, na ce, "Yaro, wuce.
Ni mai unguwa ne, da jama'a a wuyana.
Yanzu ma fura zan kai musu,
suna can suna jirana a ciki."